Ranar Buɗe Gwangwanin Marigayi

Da wuya dattijon da ya ga zamanin Turawa ya rasu a Kano ko Zariya ko Damagaram, a buɗe adakarsa bayan sadakar bakwai, a rasa wani gwangwani mai nauyi can ƙarƙashin manyan riguna. Ko na madara ne ko na alewa, murfinsa ya yi tsatsa, in an girgiza shi sai yara su taru. Gida da gona da shanu ba sa ba magada wahalar tunani: a kira malami, a yi musu ƙima, a biya bashi, a fitar da tumunin matan, namiji ya ɗauki biyu mace ta ɗauki ɗaya. Gwangwanin nan ne ba wanda ya san ta inda za a ɓullo masa, shi ya sa kowa a gidan yake zama masani a kansa.

Abin da ke ciki kusan iri ɗaya ne a ko'ina, domin hanyoyin da iyayenmu suka bi ba su da yawa. Akwai aninai da kwabbai masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da sulalla masu hoton kwakwar manja, kuɗin da Ingila ta riƙa bugo wa ƙasashenta na Afirka ta Yamma. In marigayin ta ƙasa ya je Makka, ya ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, za a ga girshin Sudan da na Masar da riyal na Saudiyya. In fatauci ya yi zuwa Maraɗi da Agadas, ga tamma da dala na Faransa. In kuwa cikin mazan jiya yake da aka kai yaƙin Bama, sai a tarar da rufi na Indiya mai kan Sarki Joji. Can ƙasa kuma, ƙulle a tsumma, manyan azurfa uku ko huɗu masu hoton wata mace mai jiki. A zube su a kan tabarma, a ja gefe a sha kallo.

Wanda ke fara kai hannu jika ne, mai wayar da ba ta barin tafinsa. Kafin a gama korar ƙananan yara ya ɗauki hoton kwabo ɗaya, ya lallatsa, ya miƙe tsaye yana salati. A jikin kwabon an rubuta 1936 da sunan Sarki Edwad na Takwas, intanet kuwa ta gaya masa cewa a watan Janairun 2020 an sayar da kuɗin wannan sarki a kan fam miliyan ɗaya. Nan take zai buga lissafi da canjin ranar, ya sayi gida a Abuja, ya biya wa kakarsa Umara, ya ware wa kansa la'adar wanda ya gano. Labarin fam miliyan ɗayan gaskiya ne, ba shi ya ƙirƙiro ba. Sai dai abin da aka sayar fam ne na zinare da aka buga don gwaji kawai, waɗanda suka rage a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, domin Edwad ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba saboda matar da ya ƙi rabuwa da ita, kuɗi mai kansa bai taɓa shiga kasuwar Ingila ba. Namu na nan kuwa, da yake huji ne a tsakiya ba hoto, suna kawai aka sauya aka ci gaba da bugawa, aka yi ta jibgo su miliyoyi. Abin ban sha'awa ne, amma masu tara tsofaffin kuɗi a Turai suna saye da abin da bai wuce kuɗin shayi da burodi ba. In ka gaya wa jikan haka zai ce baƙin ciki kake yi, ya nuna maka wani a eBay da ya sa irinsa a kan dala dubu. Ka ce ya duba waɗanda aka riga aka saya, ya bar waɗanda aka sa wa farashi ana jiran wawa, sai ya ce datarsa ta ƙare.

Yana cikin wannan ne Baffa masanin tarihi zai nemi a miƙo masa tabarau. Shi ba ya harka da waya, littafi ya karanta. Zai ɗauki riyal ɗin Saudiyya, ya karanta lambobin Larabci a hankali, ɗaya, uku, biyar, huɗu, ya girgiza kai ya ce wannan tun zamanin Sarkin Kano Yaji ne, lokacin da Wangarawa suka zo da Musulunci. Ba wanda ke da ƙarfin halin tuna masa cewa shekarar Hijira ce, 1354 ɗin nan ta faɗo a 1935, kuma ƙasar da sunanta ke jikin kuɗin a 1932 ta samu wannan suna. Amma inda Baffa ya fi jin daɗi shi ne wajen macen nan mai jiki. Zai juya azurfar ya nuna 1780, ya ce ta girmi jihadin Shehu da shekara 24, don haka a yi magana a hankali a gabanta. Matar Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ɗin ta rasu. Fatake daga Habasha da Yaman har Barno da Kano sun yarda da kuɗinta, ba sa karɓar wanda aka sauya wa ko ɗigo, saboda haka masu bugawa suka daskarar da shekarar. An buga shi a Biyana, an buga a Rum da Paris da Landan da Birmingham da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, har gobe ana bugawa a Biyana, kowanne ɗauke da 1780. Liyarin da Baffa ke riƙe da shi da hannu biyu yana iya yiwuwa Baffan ya girme shi.

Gwaggo ba ta cewa komai a wannan zama. Kallo ɗaya za ta yi wa tabarmar ta ga dauɗa, ita kuwa ba a taɓa kai kayan gidansu kasuwa da dauɗa ba. Da dare, bayan kowa ya kwanta, za ta jiƙa su da lemun tsami, ta samo toka da soson ƙarfe, ta zauna ta dirje su ɗaya bayan ɗaya tana yi wa ɗan'uwanta addu'a. Da safe ta kawo su a faranti suna walƙiya, tana jiran a ce sannu. A duk gidan ba wanda ya kai ta kyakkyawar niyya, ba kuma wanda ya kai ta ɓarna. Masu tara kuɗin nan baƙin da shekaru suka shafa wa ƙarfe shi suke biya, da gilashi mai ƙara girma suke duba fuskar kwabo, kuma zanen soso ba ya ɓuya. In a cikin tarin akwai guda ɗaya da ya isa a kira shi da suna, to a daren nan ya koma farashin ƙarfe. Ni dai da za a nemi shawarata, kafin a buɗe gwangwani Gwaggo ya kamata a fara aika unguwa.

Sai Yaya Babba, mai cewa a bar shi a wurinsa har hankali ya kwanta. Hankali ba ya kwanciya. Ranar bakwai gwangwanin sai da hannu biyu, ranar arba'in yaro ma yana ɗagawa da ɗaya. Ba a ce ya ci ba, Allah ya tsare. Abokai ne suka zo gani, ya ba wannan ɗaya ya kai a duba, ya ba wancan ɗaya don tunawa da Alhaji. In aka tambayi liyari huɗu ya ce shi uku ya gani, kuma tunda ba wanda ya rubuta, uku ɗin ne.

Kawu kuma ta wata ƙofa yake shigowa. Shi bai damu da azurfa ko shekara ba, ya san wani da ya san wani Bature da ke neman anini mai huji ido rufe, saboda akwai wani sinadari a ciki da ake haɗa abin da ba a faɗa. Wannan tatsuniya tana da 'yan'uwa a ƙasashe da yawa. A 2009 ta bi Saudiyya a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, aka ce akwai jan sinadari a cikinsu, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, mutane suna kara waya a jikin allura don gwaji. A wani wurin dutsen guga mai zakara ne, a wani wurin tsohuwar fitila. Kwana biyu sai Kawu ya iso da baƙo mai babbar riga da ƙamshin turare da ƙaramar jaka. Baƙon zai sa safar hannu, ya ɗora anini a kan farin ƙyalle, ya matso da allura ko ƙwayar shinkafa, ya ja numfashi ya ce a rufe ƙofa. Miliyoyin da zai ambata sun fi na jikan nan. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama: injin gwajin yana Legas, sai an biya kuɗin ɗauko shi, da na takardar shaida, da ɗan kafin alƙalami na yaron Baturen. Abin lura a nan, duk cikin masu zuwa ganin gwangwani shi kaɗai ne mai saye da ke neman a ba shi kuɗi. Bayan an tura, wayarsa za ta shiga hutu, Kawu kuma ya ce ai an yi ta jan ƙafa ne har wasu suka riga mu.

Wani daga cikin samari zai kwashi na ƙasashen waje ya nufi Wapa, tunda can ake canji. Ɗan canji ba zai ko taɓa ba. Shi takarda yake saye, takardar ma sabuwa. Da gaskiyarsa: kuɗin Ingila na sule da kwabo ya fara mutuwa tun 1971, namu ya bi shi da zuwan naira a 1973, tsabar Faransa ta daina canzuwa a 2005. Makin Jamus kam har yanzu babban bankinsu yana karɓa ya ba da yuro, sai dai kuɗin jirgin zuwa karɓar maki bakwai ya ɗan yi yawa.

Maƙerin azurfa shi ne mutumin da na fi girmamawa a cikin masu saye, duk da cewa shi ne zai kashe kayan. Ba ya tambayar wace ce matar, ba ruwansa da Edwad. Zai shimfiɗa fata, ya bi tarin da maganaɗisu ya ware abin da ya manne, ya ɗora liyari a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa shi da wani, ya karkata kunne. Azurfa tana da doguwar ƙara mai zaƙi, jabun dalma kuwa tif yake yi ya yi shiru. Sannan sikeli. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar da ke cikinsa ta kai giram 23 da wani abu, sauran jan ƙarfe. Babbar dalar Faransa ta da giram 25 ce, kashi tara cikin goma azurfa. Sulen Ingila in ya riga 1920 azurfa ce mai kyau, daga 1920 zuwa 1946 rabi ce, daga 1947 babu ko ƙwaya. Sulenmu mai kwakwa na farko-farko, daga 1913, azurfa ne, amma tun wajen 1920 aka mai da shi tagulla, shi ya sa mafi yawan na gwangwani suke ja-ja. Duk wannan maƙeri ya san shi da hannu ko bai san shi da shekara ba. Zai faɗi farashin giram, ya rage ladan wuta, ya biya a take. Washegari sarauniyar Ostiriya ta zama awarwaro. Illarsa ɗaya: in akwai wanda ƙarancinsa ya fi ƙarfensa daraja, shi ma tukunya zai shiga, maƙeri bai sani ba, bai kuma yi ƙarya ba.

Wanda ya sani shi ne dillalin kayan tarihi, irin waɗanda ake samu a lungunan Kasuwar Kurmi tsakanin masu takubba da masu tandu. Ku lura da hannunsa, kada ku saurari bakinsa. Bakin cewa yake kasuwa ta mutu, Turawa sun daina zuwa, irin wannan buhu-buhu gare shi a gida. Hannun kuwa yana ta yamutsa tarin, ya ɗauki guda ya juya ya kalli ƙasan rubutun inda ake sa ƙaramin harafin gidan da ya buga, H ko KN, ya ajiye shi can gefe kamar bai gani ba. Ba zai taɓa taya guda ɗaya ba. Zai ce don darajar marigayi a haɗa masa duka, har gwangwanin, ya ba da abin sadaka. In an ce albarka ya miƙe ya karkaɗe riga, ya kai bakin zaure, ya dawo ya ce saboda zumunci ya ƙara kaɗan. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma ilmin da yake ci da shi shekaru ya yi yana tara shi. Amma duk wanda ya ajiye a gefe, ku ɗauke shi ku sa a aljihu tukuna.

Akwai kuma ɗan'uwa na Ingila, wanda ke halartar zaman ta waya, fuskarsa na daskarewa a tsakiyar magana. Duk abin da yake faɗa daidai ne, kuma ba ɗaya da zai yiwu. A aika Amurka, in ji shi, kamfanin NGC ko PCGS su duba su ba kowanne maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a roba, sannan a kai gwanjo gidan Spink a Landan. Bai faɗi cewa kuɗin duba kwabo ɗaya ya ninka kuɗin kwabon sau da yawa ba, ko cewa gidan gwanjo yana yankar kasonsa kuma ba ya buɗe ƙofa don anini, ko cewa fitar da kayan tarihi daga Najeriya yana bukatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wannan hanya ta kuɗi ɗaya ce cikin dubu, wanda aka riga aka tabbatar ba kasafai ake samun irinsa ba kuma bai sha hannu ba. Zai rufe da cewa a ajiye masa kasonsa, kada a taɓa, yana nan zuwa da Babbar Salla. Bai faɗi ta wace shekara ba.

Malam, da aka kira don rabo, yakan zo da tambayar da ba wanda ya shirya mata: marigayin yana fitar wa azurfar nan zakka? Sai zaure ya yi tsit, jikan da ya sayi gida a Abuja ya fara addu'ar kada kayan su yi yawa. A auna. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, wato sai liyari sun kai 26 kafin su cika shi su kaɗai. Uku ne. Kowa ya sauke ajiyar zuciya, a karo na farko ana murnar talauci. Amma Malam yana da magana ta biyu da ta fi ta kowa amfani a ranar: zinare da azurfa hannu da hannu ake sayar da su, ba bashi, ba "bari in kai wa maigidana ya gani". Da an riƙe wannan hukunci kaɗai, da baƙon Kawu da abokan Yaya Babba ba su samu ko anini ba.

Mai hawaye ma tana nan, wadda ke cewa ba za a sayar da gumin Baba ba, a bar wa jikoki su gani. Sai a ce to ta ɗauka a bakin kasonta na gona. Nan take za ta tuna cewa Baba da kansa ba ya son ajiye abin da ba ya amfani.

Duk wannan hayaniya Hajiya tana ɗaki tana takaba, carbi a hannu, ba wanda ya tambaye ta. Ita ce kuwa ta san gwangwanin tun yana da fenti. Ta san liyari huɗu ne, ta san wanda aka huda aka sa wa zare na wuyan uwar Alhaji ne, kuma hujin nan ya rage masa kuɗi a wurin kowa ban da maƙeri. Ta san kuma abin da babu a ciki. Fam biyu na zinare da Alhaji ya sayo a Jidda, masu mutum a kan doki yana sukar dodo, kowanne giram takwas ba kaɗan, su ne kaɗai abin da ya isa a yi faɗa a kansa, kuma ba su taɓa kwana a gwangwani ba. Ɗaya an sayar shekarar da aka aurar da Gwaggo. Ɗayan Alhaji ya ba ta a gaban shaidu tun tana amarya, yana cikin kwallarta, ba gado ba ne. Ranar da ta faɗi haka, cikin murya ƙasa-ƙasa, jikan zai tambaya ko an tabbatar na gaske ne, don an yi ta buga jabunsa a Gabas ta Tsakiya. Ta ce, "Ɗan nan, na gaske ne ko jabu, nawa ne."

Ta ƙarshe ita ce auta, 'yar makarantar da aka aika kawo ruwa. Ita kaɗai ta zo da littafi da biro. Ta ware su ƙasa-ƙasa, ta rubuta shekara da adadi, ta ari sikelin mai sayar da zinare ta auna masu fari, ta ɗauki hoton gaba da baya, ta shiga shafin Numista ta duba nawa aka buga na kowace shekara, sannan ta nemi abin da aka saya da gaske. Sakamakonta ba ya faranta wa kowa rai: tsufa ba ya sa kuɗi tsada, sai ƙaranci da lafiyar jiki da irin ƙarfe, kuma cikin tarin nan azurfar ce kawai kuɗi, sai wasu biyu da ya kamata a nuna wa masani na biyu da na uku. Sauran a raba wa jikoki, ko a kai Gidan Makama a tambaya ko suna so. Za a ce mata yarinya ce, me ta sani, a miƙa wa Kawu gwangwanin.

In naku gwangwanin bai buɗu ba tukuna, ku buɗe shi a gaban kowa, ku ƙirga ku rubuta a ranar, ku tambayi Hajiya kafin ku tambayi waya. Kada a wanke, kada a sayar a dunƙule, kada a sallama a tayin farko, kada kuma a biya mai saye ko sisi. Littafin kuma a bar shi a hannun auta.